Azumin 'Yan Jan Ƙyalle

Ƙaramar damina ta sauka Kwatano tun makon jiya. Da safen nan na fito zan tafi aiki, na tarar ruwa ya cika lungunmu na Zango har ƙauri, an jera bulo ana tsallakawa, wani mai zem, wato ɗan acaɓa, ya sauka yana tura babur ɗinsa yana mita. Can wajen masu faci wani ya cinna wa tsohuwar taya wuta, hayaƙin ya kasa tashi saboda damshi, ya kwanta cikin lungu. Warin roba da ruwa ya shiga hancina. Na koma zaure na zauna. Kusan shekara ashirin ke nan, amma warin nan bai canza ba.

A shekarar, azumi ya faɗo cikin ƙaramar damina, ina aji biyu a jami'a. Babana kamasho ne a tashar manyan motoci masu ɗaukar kaya zuwa Nijar, Inna kuma tana toya waina a ƙofar gida. Kafin Baba ya yarda in riƙa kwana a ɗakunan ɗalibai sai da aka sha fama, kuma bai yarda ba sai don Yaya Iliyasu yana can. Yaya Iliyasu ɗan wan Baba ne, a gidanmu ya tashi tun rasuwar mahaifinsa. Shari'a yake karantawa. Mutum ne mai sanyin murya, in ya dawo hutu shi ke ɗebo wa Inna ruwa, shi ke raba faɗan ƙannenmu. Ranar da zan tare, Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ga Rakiya nan. Amana ce." Ya ce, "In sha Allahu, Baba."

Ɗakinmu, wanda muke kira kabin, yana hawa na uku. Na mutum biyu aka gina shi, mu uku muke ciki. Akwai Azaratu, 'yar Jugu, doguwa mai saurin fushi da saurin dariya. Akwai Senami, 'yar unguwar Gbegame, Kirista ce, tana ajin ƙarshe. Mahaifiyarta kifi take sayarwa a kasuwar Tokpa, Senami kuma ita ce babba a ɗakinsu, duk gidan ita suke jira ta gama. Faransanci muke yi tsakaninmu, amma Senami ta tsinci Hausar kasuwa a gefen tiren uwarta, takan jefo ta don ta ba mu dariya.

Yajin karatu ya fara kafin ganin wata. An daɗe ba a biya ɗalibai tallafinsu ba, ga shi an ce za a ƙara kuɗin rajista. Da farko abin kamar biki ne. Ana taruwa gaban amfi, wato babban zauren karatu, ana waƙa, ana buga galan. Ni ma na je, na yi ihu har muryata ta dushe. Yaya Iliyasu ya hau tebur ya yi jawabi, na ji alfahari ya cika ni. Sai hukuma ta rufe resto, inda muke cin abinci da rangwame, ta yanke mana wuta da ruwan famfo, wai yunwa ta kore mu gida. Shugabannin yajin kuma suka sa sarƙa a babbar ƙofa, suka ce duk wanda ya fita ya ci amana, kada ya dawo. A tsakanin waɗannan biyun muka ɗauki azumi.

Ruwan sama ne ya rufa mana asiri. Da hadari ya haɗu ta wajen teku, sai ka ji 'yan mata suna gudu a matakala da bokitai da robobi, kowa na neman bakin indararo. Ruwan farko mu zubar, don ƙurar kwano da kashin tsuntsu, na biyu mu tara. In ruwa ya ɗauke kuma sai wani zafi mai damshi ya taso daga ƙasa, riga ta manne a baya, harshe ya yi nauyi, sauro ya fito tun rana ba ta faɗi ba. Shanya ba ta bushewa. Katifunmu suka fara warin ruma. Gawayinmu ya jiƙe, sai mun yi ta fifita kafin ya kama.

Sahur gari ne da sukari da 'yar gyaɗa. Da sukari ya ƙare, gari da gishiri. Da rana mu kwanta a siminti mu yi shiru, don magana ma ƙishi take kawowa. Bayan la'asar mu fitar da murhun gawayi baranda, mu dama koko da ɗan ƙullun da ya rage. Senami ba ta azumi, amma tun rana ta biyu ta daina cin komai a gabanmu. Na ce mata ta ci abinta, ta ce, "In ci me? Ku da ni duk azumi ɗaya muke, naku ne kawai mai lada." Ita ke hura wuta in mu jiri ya hana mu sunkuyo, ita ke tsayawa a baranda tana sauraron kiran salla daga masallacin unguwar bayan katanga, ta juyo ta ce da Hausarta, "Ku sha ruwa, ya yi."

Iyaye mata sukan zo bayan katanga da kwanuka. Inna takan hau zem tun daga Zango, da waina da miyar taushe a ƙulle cikin zane, ta miƙo ta wani gurbi da bulo ya faɗi, wanda mutum kan iya ratsawa in ya sunkuya. Yanzu 'yar ƙanwata da ke jami'a in ta ji yunwa waya take latsawa a kawo mata. Mu a lokacin, ganin gefen mayafin Inna ta ramin katanga ya fi mana komai.

A wannan ramin na fara ganin abin da yajin ya koma. Shugabanni sun kafa 'yan tsaro, samari masu ɗaura jan ƙyalle a damtse, suna yawo da gora da wayar wuta da aka murɗe, wasu har da adda. Babbansu wani ƙato ne da ya daɗe a jami'a bai gama ba, ana ce masa Janar. Suka fara tsayawa a bakin ramin, duk kwanon da ya shigo sai sun ɗebi rabonsu. Wata rana wani ɗalibi ya hana su nasa, suka kifar da shinkafar cikin taɓo a gaban uwarsa, suka mare shi har leɓensa ya fashe. Matar tana ta bayan katanga tana kururuwa, hannunta kawai ake gani. Cikin masu jan ƙyallen na hango Yaya Iliyasu. Bai yi duka ba, bai kuma hana ba.

Da yamma na same shi. Na ce, "Yaya, da azumi a bakinka?"

Ya ce, "Rakiya, ba ki gane ba. In muka sassauta, shi ke nan sun ci mu. Kowa zai sha wuya kaɗan, don kowa ya huta."

Idanunsa sun faɗa, leɓunansa sun bushe sun yi fari. Muryar tasa ce, amma maganar ba irin tasa ba ce.

Cikin goman tsakiya, labari ya bazu cewa wasu malamai sun shirya wa 'yan ajin ƙarshe jarrabawa a ɓoye, a wata makaranta cikin gari. Senami ta zauna bakin gado tana murza yatsunta. Ta ce uwarta ƙafa ta kumbura, ba ta iya tsayuwar kasuwa kamar da, in ta rasa wannan shekarar ba ta da wata. Azaratu ta ce, "Je ki. Mu ba mu ga komai ba." Ta fita ta ramin katanga da zane da tire a ka, kamar mai talla, ta dawo kafin azahar. Mun ɗauka babu wanda ya lura.

Washegari aka kama samari uku da suka je jarrabawar. Muna baranda muka ga an fito da su filin ƙwallo, an tuɓe musu riguna. Aka ƙona tayoyi a gefe, ana yayyafi, hayaƙin ya kwanta a filin. Aka sa su birgima cikin taɓo, ana tafka musu waya, aka zuba musu baƙin mai a ka. Ɗaya ya daina motsi, suka ci gaba da dukansa. Ɗaruruwan ɗalibai na tsaye a baranda suna kallo. Senami ta shiga ɗaki ta yi amai a bokitin da muke tara ruwan sha.

Mun so mu fitar da ita a ranar, amma sun sa masu gadi a ramin. Muka ce sai gobe.

Goben, bayan la'asar, ina dama koko a baranda, Azaratu na fifita wuta, sai muka ji takun ƙafafu a matakala da ƙarar gora tana bugun ƙarfen hannu. Janar ne a gaba, samari biyar ko shida a bayansa, Yaya Iliyasu a ƙarshe. Na tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Janar ya ce, "Ina 'yar kifin?"

Na ce ba ta nan. Ya ture ni da hannu ɗaya, kaina ya bugi bango. Suka jawo ta daga bayan ƙofa, ta gashi. Azaratu ta yi kukan kura ta ɗauki tukunyar koko ta watsa wa wanda ke riƙe da ita. Ya saki ihu, wani ya juya ya sauke mata gora a goshi, ta zube, jini ya rufe mata ido. Suka danne Senami ruf da ciki a kan simintin baranda, cikin kokon da ya zube.

Janar ya juya ya miƙa wa Yaya Iliyasu wayar wutar da ke hannunsa. Ya ce, "Ɗakin ƙanwarka ne. An ce kai ka san da fitarta ka yi shiru. Nuna mana."

Na rarrafa na kama ƙafar wandonsa. Na ce, "Yaya, don Allah. Don darajar watan nan. Ita ke dafa mana abin buɗa baki. Yaya, dube ni."

Bai dube ni ba. Ya karɓi wayar.

Bugun farko a hankali ya yi shi, Janar ya yi dariya. Daga nan ban san abin da ya shige shi ba. Ya yi ta saukewa, rigar Senami ta tsage, fatar bayanta ta buɗe layi-layi. Da fari tana kiran uwarta, daga baya ta cije gefen hannunta. Ina jin ƙarar wayar a iska kafin ta sauka. Har yau in yaro ya kaɗa igiya kusa da ni sai na waiga.

Abin da ya tsayar da shi ƙara ce daga babbar ƙofa, kamar an fasa dutse. Mota ce ta jandarmomi ta banke sarƙar. Ashe ɗaya daga cikin samarin jiya ya cika a asibiti, hukuma ta samu dalilin da take jira. Kafin mu farga, gwangwanayen barkonon tsohuwa sun fara faɗowa cikin baranda. Ido ya rufe, maƙogwaro ya kama wuta, ga ƙishin azumi. Janar da mutanensa suka watse ta matakalar baya. 'Yan mata na ta faɗowa kan juna, wata ta dira daga hawa na biyu, na ji ƙarar ƙafarta.

Muka jiƙa mayafai a bokiti muka rufe fuska. Na ɗaga Senami, Azaratu na dafa bango, muka sauko. A ƙasan matakala muka tarar da Yaya Iliyasu. Bai cire jan ƙyallen ba, shi ya sa suka gane shi. Mutum huɗu ne a kansa da kulake da takalma. Ya ɗaga hannuwa ya kare kansa, suka karya hannuwan. Suka taka masa gwiwa. Da suka ga ya daina motsi, suka wuce neman wasu.

Na tsaya a kansa, ban san abin da nake ji ba. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, yana wanke jinin da ke fita ta kunnensa. Na kama shi ta hammata na ja, ya fi ƙarfina. Azaratu ba ta gani sosai, ta ce, "Bar shi, Rakiya! Bar shi su dawo su ƙarasa!"

Sai Senami ta matso. Ta sunkuya, rigarta a tsage, ruwa na dukan miki a bayanta, ta kama ƙafafunsa. Haka muka ja shi cikin taɓo har ramin katanga, muna faɗuwa muna tashi. A bayan katangar, mutanen unguwa sun fito. Wata mai sayar da akasa, wato tuwon ƙullun masara, ta yafa wa Senami zanenta, wani mai ɗaukar yashi ya buɗe mana bayan motarsa. Muna cikin motar aka kira magariba. Na buɗe baki sama, ruwan sama na sha.

Ba mu je babban asibiti ba, don an ce ana kama duk ɗalibin da aka kai da rauni. Wani likita abokin Baba a wajen unguwar San Mishal ya ɗinke goshin Azaratu, ya wanke bayan Senami, ya ɗaure wa Yaya Iliyasu hannuwa biyu da gwiwa. Daga nan sai Zango. Senami ta roƙi kada a kai ta Gbegame, kada uwarta ta gan ta haka. Inna ta ce, "Nan ma gidanku ne, 'yata." Ta shimfiɗa mata katifa a ɗakinta, ta riƙa shafa mata man kaɗanya da gashin kaza, don yatsa ma ba ya taɓuwa a wurin. Kwana da kwanaki ruf da ciki take kwana.

Baba ya ɗauka jandarmomi ne suka yi mata haka. Yana zaune a tsakar gida yana Allah ya isa, sai Azaratu ta ce, "Baba, ba su ba ne. Tambayi ɗanka." Baba ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ya tashi ya shiga ɗakin zaure inda Yaya Iliyasu ke kwance, muna jin su ta taga.

"Da hannunka?"

"Baba, da ban yi ba, da ni da Rakiya za su..."

"Na ce da hannunka?"

"Da hannuna."

Baba ya fito. Har azumin ya ƙare bai sake leƙa ɗakin ba. Ni ma haka. Inna ce kaɗai ke shiga, ta ba shi abinci a baki, ta fito da fo, ta wanke hannu ta koma wajen Senami. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma yi masa hira ba.

Goman ƙarshe a gida muka yi ta. Akwai abinci, akwai ƙanƙara daga shagon maƙwabta, amma babu mai jin daɗin ci. Ruwa ya shigo tsakar gida, muka ɗora murhu kan bulo. Ana saura kwana kaɗan salla, rediyo ya faɗa cewa an soke shekarar karatun gaba ɗaya, har da jarrabawar da aka yi a ɓoye. Senami na kwance ta ji. Ta yi wata 'yar dariya, ta juya fuskarta bango.

Ba ta koma jami'a ba. Ta karɓi tiren uwarta a Tokpa, yau tana da ɗakin sanyi na kifi, ita ta ɗauki nauyin karatun ƙannenta. Azaratu ta yi aure a Faraku, tabon na nan a goshinta. Janar kuwa na taɓa ganinsa cikin kwat a bayan wata babbar mota. Yaya Iliyasu bai zama lauya ba. Yana rubuta wa direbobi takardu a tashar Baba, yana ɗingishi, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Bai taɓa ɗaga wa 'ya'yansa hannu ba, ko da wasa.

Ranar sallar, gida ya cika. Inna na ta rabon tuwo da kai kwanuka maƙwabta, ta miƙo mini shinkafa da miya ta ce in kai wa Yaya. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Rakiya, hannu biyu gare ni." Na ɗauka na shiga, na dire kwanon a gefen tabarmarsa, na fito na tsaya a zaure. Ta labule ina ganinsa. Ya yi ta ƙoƙarin kama cokali da 'yan yatsun da suka leƙo daga ɗauri, cokalin na zamewa. Ya sunkuya zai kai baki cikin kwanon, kwanon ya karkace, miya ta zubo masa a ƙirji. Ya koma ya jingina da bango, hawaye na bin fuskarsa, ba shi da hannun sharewa.

Sai na ji motsi a bayana. Senami ce, ta ɗaura sabon zanen da Inna ta yanka mata, a ƙirji, don har lokacin riga ba ta zama a bayanta. Ta ɗaga labulen ta shiga, tana tafiya a hankali. Ta durƙusa, ta gyara kwanon, ta ɗauki cokalin ta goge a gefen zanenta.

Ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Senami, ki yafe mini. Don Allah."

Ta ɗebo shinkafa, ta hura, ta kai kusa da bakinsa. Ba da Faransanci ta amsa ba, da Hausarta ta kasuwa ta yi, yadda ni ma zan ji daga zaure.

"Ban yafe ba," in ji ta. "Buɗe baki."